Yadda za ka bi sawun umarnin DNA da hannunka, daga cibiyar sel zuwa furotin

Na yi shekaru ina faɗa wa ɗalibai cewa nukiliyas ita ce ƙwaƙwalwar sel. Suna rubutawa, suna cin jarrabawa, kowa na murna. Sai ranar da wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu daga bayan aji ta ce, "Malam, to jajayen ƙwayoyin jini da ka ce ba su da nukiliyas, yaya suke yin wata huɗu suna aiki babu ƙwaƙwalwa?" Na yi ta kame-kame har ƙararrawa ta cece ni. Tun daga ranar na daina wannan kwatancen, na koma koyar da darasin ta hanyar da zan shimfiɗa maka a nan: ka ga cibiyar da idonka, ka fito da DNA da hannunka, ka kwafi saƙonsa a takarda, ka ɓata shi da gangan, sannan ka nemi wanda ke ba da izinin karanta shi.

Mu daidaita baki a kan kalmomi tukuna, domin "ƙwayar halitta" ɗaya ce ake jibga wa ma'ana uku. A nan, sel shi ne ɗan ƙaramin ɗakin da aka gina jikin mai rai da shi. Cibiya ita ce nukiliyas, dunƙulen da ke cikin sel. Babin gado kuwa shi ne abin da littattafan kimiyya ke kira jin, wato wani yanki na DNA mai ɗauke da bayanin haɗa abu guda. DNA shi ne dogon zaren sinadarin da ke riƙe da bayanin gado, furotin kuma su ne sinadaran da ke yin ayyukan sel.

Mataki na farko: ga cibiyar da idonka

Kana bukatar maikuroskof irin na makaranta, gilashin gwaji da 'yar marfinsa, albasa, ruwan aidin, shuɗin metilin, da tsinken auduga sabo.

Ɓalle ɓawon albasa mai kauri guda, ka karya shi ta baya. A cikin lanƙwasar za ka ga wata fata siririya kamar yanar gizo. Ita za ka zare, ka shimfiɗa a kan ɗigon ruwa a gilashi ba tare da ta naɗe ba, ka ɗiga aidin, sannan ka kafa gefen marfin ka kwantar da shi a hankali. Wanda ya saki marfin daga sama iska yake kamawa, kuma kumfar iska da baƙin zobenta ta sha yaudarar sababbin ɗalibai su yi ta ihun sun ga sel. Fara da ƙaramin gilashin ƙara girma, sau 40, ka gano jerin ɗakunan kamar tubalin gini, sannan ka hau sau 100 da sau 400. A cikin kowane ɗaki akwai ɗan dunƙule mai ruwan ƙasa-ƙasa, sau da yawa a takure jikin bango, saboda wata babbar jakar ruwa ta cinye tsakiyar ɗakin. Wannan ce cibiya. Robert Brown ne ya raɗa mata suna a 1831, lokacin da yake duba sel ɗin wasu furanni, kuma abin da ya gani bai wuce abin da ke gabanka ba.

Yanzu juya kan kanka. Goga tsinken auduga a cikin kuncinka, ka shafa a gilashi, ka ɗiga shuɗin metilin. Sel ɗin ba su da bango, sun baje kamar ɓawon kifi, kowanne da ɗigo mai shuɗi sosai a tsakiya. Dalilin da ya sa launin ya fi kama nan shi ne rinin yana da cajin lantarki na ƙari, DNA kuma yana da na ragi, sai su manne wa juna. Ka jefa tsinken da gilashin cikin ruwan kashe ƙwayoyin cuta idan ka gama, kada wani ya taɓa na wani.

Idan ɗakin gwajin yana da shiryayyen gilashin jinin mutum, duba shi ma. Jajayen ƙwayoyin fayau suke, tsakiyarsu ma ta fi haske. Fararen ne ke da cibiya, wasunsu a kakkarkase. Riƙe wannan hoton a ranka, za mu dawo gare shi.

Mataki na biyu: fito da DNA

Wannan ba ya bukatar maikuroskof. Sa rabin ayaba nunanna a leda mai kauri ka murtsuke ta har ta zama kunu. A kofi daban, haɗa ruwa kamar mililita 100 da rabin ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali biyu na sabulun ruwa na wanke-wanke, ka juya sannu don kada ya yi kumfa. Zuba a ledar, ka cakuɗa a hankali, ka bar shi minti goma. Tace da ƙyalle mai tsabta cikin kofin gilashi. Sai ka ɗauko sifirit mai ƙarfi, kashi 70 cikin ɗari ko fiye, wanda ya kwana a firiza. Karkata kofin, ka tsiyaya sifirit ɗin ta jikin bango har ya yi kwatankwacin yawan ruwan da ke ƙasa. Kada ka girgiza. Cikin minti biyu zuwa uku za ka ga wani farin abu mai yauƙi yana tasowa daga inda ruwan biyu suka haɗu. Sa tsinke ka naɗo shi. Sifirit yana kama wuta, don haka nesa da murhu, kuma ba a ɗanɗana komai.

Kowane abu da ka zuba yana ba ka labarin inda DNA yake ɓoye. Murtsukewa ta fasa bangon sel. Sabulu ya narkar da tantanin sel da na cibiya, domin da maiƙo aka yi su, kuma aikin sabulu ke nan ko a kan kwano. Gishiri ya kwantar da cajin nan na ragi da ke sa zaruruwan DNA ture juna, sai suka samu damar dunƙulewa. Sifirit mai sanyi kuwa DNA ba ya narkewa a cikinsa, shi ya sa ya fito fili.

Kada ka ce wa kowa ka ga zaren DNA guda. Faɗin zare ɗaya nanomita 2 ne, wato kashi biyu cikin miliyan na milimita, ko maikuroskof ɗin ɗazu ba zai nuna shi ba. Abin da ke kan tsinkenka tarin zaruruwa ne daga sel masu ɗimbin yawa, cakuɗe da RNA, wani zare mai kama da DNA da za mu haɗu da shi nan gaba, da furotin da yauƙin ayabar kanta. Duk da haka ka fi Friedrich Miescher jin daɗin aiki. Shi a 1869, a garin Tubingen na Jamus, daga mugunyar da ke jikin bandejin majinyata ya fara tato wannan abu, ya kira shi nukilin saboda daga cibiya ya fito.

Mataki na uku: san haruffan da yadda aka naɗe su

Ɗauki takarda ka zana tsani. Kowace matakala haruffa biyu ne da suka riƙe hannun juna, kuma haruffan huɗu ne kacal: A, T, G, C. A ba ta riƙe kowa sai T, G ba ta riƙe kowa sai C. Murɗe tsanin kamar igiya, ka samu siffar da James Watson da Francis Crick suka bayyana a 1953, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Amfanin wannan ƙa'ida shi ne idan ka san gefe ɗaya, ka san ɗayan. Da ita sel ke kwafar DNA ɗinsa gaba ɗaya kafin ya rabu biyu, da ita kuma yake kwafar babi guda idan yana bukatar aiki.

A cibiyar sel ɗin mutum akwai kuromosom 46, wato dogayen zaruruwan DNA a naɗe, rabi daga uwa rabi daga uba, kowane rabi da matakala kusan biliyan 3. Da za a warware su a jera, tsawonsu zai kai kusan mita 2, alhali faɗin cibiyar bai wuce 'yan maikuromita ba, kowanne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Dabarar ita ce an naɗe zaren a jikin wasu ƙananan furotin da ake kira histon, kamar zare a kwarkwaro, kowane naɗi da matakala kusan 147, sannan aka sake nannaɗe naɗin. Littattafai kan ambaci wannan a matsayin dabarar ajiya kawai su wuce. Ni a ganina nan ne rabin labarin yake, domin wurin da aka ɗaure tamau ba ya karantuwa.

Mataki na huɗu: kwafi saƙon

DNA ba ya fita cibiya. An kewaye shi da tantani ninki biyu mai ƙofofi dubbai, kuma ƙofofin suna da masu gadi. Injinan haɗa furotin kuwa, wato ribosom, a waje suke aiki, cikin ruwan sel. Ke nan dole a yi kwafi a aika. Kwafin shi ne RNA ɗan saƙo, zare mai gefe ɗaya, wanda ke amfani da U a duk inda DNA zai sa T.

Za mu yi aiki da babi na gaskiya, farkon wanda ke haɗa sarƙar bita ta himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Yana kan kuromosom na 11. Rubuta wannan gefen a takardarka, shi ne wanda ake bi a yi kwafi:

TAC CAC GTA GAC TGA GGA CTC CTC TTC

Kai ne yanzu enzayim ɗin da ake kira RNA folimares, wato furotin ɗin da ke yin wannan kwafin. Bi harafi-harafi daga hagu: ka ga T ka rubuta A, ka ga A ka rubuta U, ka ga C ka rubuta G, ka ga G ka rubuta C. Rufe layin da ke ƙasa har sai ka gama naka.

AUG GUG CAU CUG ACU CCU GAG GAG AAG

Idan naka ya zo da T a ciki, ka manta RNA kake rubutawa. Wannan ne kuskuren da na fi gani, na biyunsa kuma tsallake harafi, wanda za ka ga girman ɓarnarsa nan gaba.

A cikin sel na gaske, kwafin farko ba ya fita haka. Akwai dogayen yankuna a tsakiyar babin da ba sa cikin bayanin furotin, ana kiran su intiron, kuma a cikin cibiya ake yanke su a ɗinke sauran. Babin nan namu yana da irinsu guda biyu. Richard Roberts da Phillip Sharp ne suka gano wannan yanka da ɗinki a 1977, kowa a nasa ɗakin binciken. Sannan a sa wa kwafin hula a kai, a jona masa doguwar jelar harafin A, su ne ke kare shi daga lalacewa, suke kuma shaida wa masu gadin ƙofa cewa an gama shi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne sel na iya ɗinke yankunan babi guda ta hanyoyi daban-daban ya fitar da furotin iri-iri. Shi ya sa babukan da ke haɗa furotin a jikin mutum, da ba su wuce kusan 20,000 ba, suke wadatar da jiki da ire-iren furotin da suka fi haka yawa nesa.

Mataki na biyar: fassara saƙon

Saƙo ya fita ta ƙofa, ribosom ya kama shi. Yana karantawa uku-uku, kowace ukun ana ce mata kodon. Haruffa huɗu a jerin uku suna ba da kodon 64. Guda 61 suna kiran amino asid, tubalan da ake jerawa a gina furotin, waɗanda iri 20 ne, uku kuma, UAA da UAG da UGA, alamar tsayawa ce. AUG ita ce alamar farawa. Kodon na farko da aka gano ma'anarsa shi ne UUU, a 1961, ta hannun Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei, waɗanda suka ba injin sel saƙon da babu komai cikinsa sai U, ya fitar musu da sarƙar amino asid iri ɗaya tak.

Mai kawo kayan shi ne wani ƙaramin RNA da nake kira ɗan dako. A kansa yana ɗauke da amino asid guda, a ƙafarsa yana da haruffa uku. Idan ƙafarsa ta dace da kodon ɗin da ke bakin ribosom, sai ya sauke kaya, a jona da na baya, ya fita, na gaba ya shigo.

Nemi jadawalin kodon, yana cikin kowane littafin bayoloji na manyan aji, ka fassara layinka. Ga abin da ya kamata ka samu: AUG metiyonin, GUG balin, CAU histidin, CUG lusin, ACU tiriyonin, CCU firolin, GAG gulutamik asid, GAG gulutamik asid, AAG laisin. Daga baya ana cire metiyonin ɗin farko, don haka daga balin ake fara ƙirga. Sarƙar gaba ɗaya amino asid 146 ce. Da an gama ta sai ta lanƙwashe ta ɗauki siffa, kuma jerin amino asid ɗin ne ke yanke yadda za ta lanƙwashe: masu gudun ruwa su shige ciki, masu son ruwa su tsaya waje. Sarƙa biyu irin wannan da wasu biyu na alfa, waɗanda babinsu ke kan kuromosom na 16, su ne himogulobin guda.

Tsaya a nan ka lura da abin da DNA bai yi ba. Bai ɗauki oksijin ba, bai narkar da abinci ba, bai motsa tsoka ba. Furotin ne ke duk wannan: enzayim da ke gaggauta sarrafa sinadarai, ƙofofin da ke jikin tantani, igiyoyin da ke ja a cikin tsoka. Ikon cibiya a kan sel ta hanya ɗaya yake bi, wato wane furotin za a haɗa, nawa, kuma yaushe.

Mataki na shida: ɓata harafi da gangan

Koma kan layin RNA ɗinka da fensir. Za mu yi ɓarna huɗu, ɗaya bayan ɗaya, kana gyara ta baya kafin ta gaba.

Mayar da CAU ta zama CAC. Duba jadawali: histidin ce har yanzu. An sauya harafi, babu abin da ya faru, saboda yawancin amino asid suna da kodon fiye da ɗaya.

Mayar da AAG ta ƙarshe ta zama UAG. Ribosom zai tsaya cak a nan, a samu guntun sarƙa marar amfani maimakon 146.

Goge G ta farko a GUG, ka sake raba sauran uku-uku. Za ka samu AUG UGC AUC UGA. Duk abin da ke gaba ya gurɗe, an samu amino asid biyu da ba su da hurumi a wurin, ga kuma alamar tsayawa ta faɗo tun ba a je ko'ina ba. Ribosom ba ya ganin tazarar da muke bari tsakanin kodon don sauƙin ido. Uku kawai yake ƙirgawa, ko daidai ko ba daidai ba.

Ta huɗun ita ce ta gaske. Je GAG ta farko, amino asid na shida in ka fara daga balin, ka mayar da A ta zama U. GUG ke nan, balin. Gulutamik asid mai son ruwa ce, kuma ta waje take zaune a jikin furotin. Balin mai gudun ruwa ce. Yanzu an samu ɗan tabo mai danƙo a jikin kowane himogulobin, kuma da zarar ya sauke oksijin, sai tabon ya nemi maƙwabcinsa ya manne. Su jeru su zama dogayen sanduna, sandunan su tokare ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta taurare, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 a maimakon 120. Wannan ita ce cutar sikila ga wanda ya gaji sauyin daga uwa da uba duka. Vernon Ingram ne ya nuna a tsakiyar shekarun 1950 cewa bambancin amino asid ɗaya ne tal. Duk lokacin da na kai nan a aji, shiru ake yi. Harafin da ka goge da fensir yanzu shi ne tsakanin mai lafiya da mai kwana yana juyi saboda ciwon ƙashi.

Mataki na bakwai: nemi wanda ke buɗe babin

Ga tambayar da ya kamata ta dame ka. Sel ɗin kuncinka da ka gani ɗazu yana da wannan babin na himogulobin, harafi da harafi. Yana da na insulin ma. Me ya sa ba ya yin ko ɗaya?

John Gurdon ya tabbatar a 1962 cewa babukan ba ɓacewa suke yi ba. Ya cire cibiya daga sel ɗin hanjin talibambam, ya dasa ta a ƙwan kwaɗo da aka kashe wa tasa cibiyar, ƙwan ya girma ya zama cikakkiyar halitta mai ido da jela da zuciya. Ke nan cibiyar hanji tana da bayanin jiki duka, a rufe kawai yake. A 1996 aka maimaita irin wannan a dabba mai shayarwa a Cibiyar Roslin da ke Sikotland, aka haifi tunkiyar nan Dolly daga cibiyar sel ɗin hantsar wata tunkiya. Lura da abin da gwajin ya nuna ta ɗaya fuskar: ruwan ƙwan ne ya sa cibiyar hanji ta manta ita ta hanji ce. Umarni ya shiga cibiya daga waje.

Don ka ga yadda hakan ke faruwa kullum a jikinka, zana babban da'ira a matsayin sel ɗin ƙoda, da ƙarami a ciki a matsayin cibiya, ka bi wannan da kibiyoyi. Sel ɗin yana haɗa wani furotin mai suna HIF ba dare ba rana, kuma muddin akwai isasshiyar oksijin, ana yi masa alama a rugurguza shi nan take. Kamar asara, ko? To bari oksijin ta ragu, kamar ga wanda ya zubar da jini ko ya hau tsauni mai nisa. Enzayim ɗin da ke yi masa alama da oksijin yake aiki, don haka ya tsaya. HIF ya taru, ya shige cibiya ta ƙofa, ya nemi wani ɗan jerin haruffa kusa da wasu babuka ya zauna a kai, ya jawo masu sassauta naɗin histon da RNA folimares. Ɗaya daga babukan shi ne na eritirofoyetin, sinadarin da ke bin jini ya je ɓargo ya sa a ƙara yin jajayen ƙwayoyi. Jini ya ƙaru, oksijin ta dawo, a ci gaba da rugurguza HIF, babin ya rufe. William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza sun samu kyautar Nobel a 2019 kan warware wannan.

Ƙirga kibiyoyinka. Nawa suka fita daga cibiya, nawa suka shiga? Ita cibiyar ba ta ji ƙarancin oksijin ba, ba ta kuma yanke shawara ba. Furotin ne ya ji, furotin ne ya shigo ya buɗe babin, shi kansa furotin ɗin kuma daga wani babin aka haɗa shi. Irin waɗannan masu buɗewa da rufewa ɗaruruwa ne, kowane irin sel da nasa rukunin, kuma bambancin sel ɗin hanta da na ido a nan yake. Wasu babukan ma ana liƙa musu ƙananan alamomin sinadari a kan harafin C a ɗaure su tamau, kuma idan sel ya rabu, 'ya'yansa sukan gaji ɗaurin. Shi ya sa hanta hanta take haifa.

Yi wannan zanen sau biyu da wasu misalan kafin ka wuce. Kotisol, sinadarin da jiki ke saki lokacin matsi, misali ne mai sauƙi: yana ratsa tantanin sel, ya haɗu da mai karɓarsa a cikin ruwan sel, su shiga cibiya tare su zauna kan DNA.

Mataki na takwas: cire cibiyar ka ga abin da zai faru

Wannan a takarda za ka yi, ka faɗi hasashenka kafin ka karanta sakamako. Akwai wata gansakukar teku, Asetabulariya, wadda sel guda ce amma tsawonta ya kai santimita da dama. Tana da ƙafa, da kara, da hula a sama, cibiyarta kuma a ƙafa take. Joachim Hämmerling ya yi ta gwaji da ita tun shekarun 1930. Ya ɗauki iri biyu, mai hula kamar laima da mai hula a tsattsage, ya yanke karan ɗaya ya dasa a ƙafar ɗaya. Wace hula za ta fito? Ta farko takan fito gauraye, ko ta yi kama da ta mai karan. Ya sake yanke ta. Daga nan duk hular da ta fito ta mai ƙafar ce. Har kara tsura, babu cibiya sam, ya ga yana iya fitar da hula sau ɗaya kafin ya gaza.

Idan ka bi matakan baya, ka riga ka san dalili. Akwai ragowar saƙonnin tsohuwar cibiya a cikin karan, ribosom suka ci gaba da karanta su har suka ƙare. Sai da suka ƙare sabuwar cibiya ta samu bakin magana. Haka dafin wani naman kaza, amanitin, yake kisa: yana toshe enzayim ɗin da ke kwafar RNA ɗan saƙo, amma mutum ba ya faɗuwa nan take. Sai bayan kwanaki, lokacin da tsofaffin saƙonni da furotin suka ƙare a sel ɗin hanta kuma babu sababbi, hantar take rushewa.

Yanzu koma kan gilashin jinin nan na mataki na farko, ka amsa wa yarinyar da kanka. Jar ƙwayar jini da cibiyarta aka haife ta a cikin ɓargo. A can ta kwafi saƙon himogulobin da yawan gaske, ta cika cikinta, sannan ta tofar da cibiyar ta samu wurin ƙarin kaya da laushin ratsa jijiyoyin da suka fi ta ƙanƙanta. Kwana ɗaya ko biyu bayan fitowarta tana ci gaba da haɗa himogulobin da ragowar saƙon, daga nan ribosom ɗin ma su tafi. Sauran kwanakinta da guzurin da ta fito da shi take yin su. Ba ta iya rabuwa, ba ta iya sauya enzayim da ya gaji, ba ta iya amsa wani sabon kira. Tantaninta yana tsufa yana taurara, har wajen kwana 120 saifa ta tace ta daga jini. Na tsuntsaye da kwaɗi suna riƙe da cibiyarsu har ƙarshe, kuma idan ka samu shiryayyen gilashin jinin kwaɗo ka ajiye kusa da na mutum, za ka ga ɗigon a tsakiyar kowace ƙwaya.

Abu ɗaya ya rage ka ƙara a zanenka na sel ɗin ƙoda. A cikin ruwan sel, zana 'yan ƙananan wake, su ne mitokondiriya masu samar da kuzari, ka sa ɗan zobe a cikin kowanne. Suna da nasu DNA, matakala 16,569 da babuka 37 a jikin mutum, kuma daga uwa ake gadonsa. Amma furotin 13 kawai suke haɗawa da shi. Sauran fiye da dubu da suke bukata, daga babukan cibiya ake kwafo su, a haɗa a ribosom ɗin waje, a shigar musu ta nasu ƙofofin. Ja kibiya daga cibiya zuwa ribosom, wata daga ribosom zuwa waken, sannan wata daga waken ta koma cibiya, domin idan sun shiga matsi su ma sukan aika sinadaran da ke sa a buɗe musu babukan agaji.